Maza Ɗari Huɗu Cikin Riga Ɗaya

Duk wanda ya ce maka Na-Allah mai hoto mutum ne mai sauƙin kai, to hoto kawai ya taɓa ɗauka a wurinsa, bai taɓa yin aiki da shi ba. Ni na yi, wata biyar cur, kuma har yau in na tuna sai in ji raina ya ɓaci. Rabi da shi nake fushi, rabi da kaina.

Sunana Bilki. Ina da 'yar rumfar buga takardu da fotokofi a kan hanyar da ta nufi gada, nan Malanville. Na-Allah ɗan kawuna ne, wato taubashina, shi ya sa nake da bakin faɗar abin da zan faɗa a kansa. Gidanmu 'yan kasuwa ne tun kakanni, shinkafa da albasa da atamfa, shi kaɗai ya fita zakka. Yana saurayi kawu ya aike shi Gaya da buhunan albasa, ya dawo ba albasa, sai kyamara rataye a wuya yana washe baki. Kawu ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa. Daga baya, da lokacin tafiya hajji ya zo, shi ɗin dai ya zauna wa a kan kujera aka ɗauki hoton fasfo.

Shagonsa yana bayan rumfunan albasa a babbar kasuwa, ɗaki ɗaya da labule da kujera mai ƙafa uku da rabi. Shekara talatin da wani abu ya yi a nan. Ba suna, ba biki, ba saukar karatu a garin nan da ƙauyukansa da bai tsaya a gefe yana cewa "a ɗaga kai kaɗan" ba. Ba shi da sauri ko na sisin kwabo. Sai ya zaunar da kai, ya tambayi mahaifinka da kakanka da gonar da kuka sayar, sannan ya danna. Sunanka ne kawai ba zai tambaya ba, wai suna na takarda ne, shi mutane ya sani.

Yana da halaye uku da suka zame mini ciwon kai.

Na farko wata baƙar rigar Turawa, wadda muke kira bes, da ya saya a gwanjo. Duk namijin da ya zo hoton katin shaida, wato kartidante, manomi ne daga Madécali ko makiyayi daga Toumboutou, sai ya cire masa hula ya sa masa bes ɗin nan, wai kada hukuma ta raina shi. Mai ƙiba ta matse shi, siriri ya nutse a ciki, duk ba ruwan Na-Allah.

Na biyu, tun da ya koma kyamarar zamani mai kati a shekarar dubu biyu da huɗu, kullum in zai rufe shago sai ya zare batir ya sa a aljihu, wai kada kyamara ta sha wuta tana kwance. Ba wanda ya gaya masa cewa duk lokacin da ya zare, agogon cikinta yana komawa ranar da aka ƙera ta.

Na uku kuwa, ba ya goge hoto. Ko mutum ya rufe ido, ko akuya ta gifta, ko hoton ya fito baƙi ƙirin. In ka ce ya goge sai ya zare maka ido ya ce, "In shahe huskar mutum yana raye? Ni ba Mala'ikan mutuwa ba na." In kati ya cika sai ya sayi sabo, tsohon ya sa shi cikin kwalin ashana ya jera a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin tebur. Ba rubutu ko ɗaya a jikin kwalayen.

Bara idonsa ya fara dushewa. Ya ɓoye har sai da ya ɗauki wani ango ba kai. Aka kai shi likita a Parakou, suka ce ciwon ya ci jijiya, magani zai rage masa gudu ne kawai. Bayan ya dawo da sati guda sai ga shi a rumfata a bayan ɗan kabu-kabu, akwatin ƙarfe a kan cinya.

"Bilki," ya ce, "kin ga garinga dut yana cikin akwatin nan. In idona ya ida tahiya, ba mai sanin wane na wane. Ki sa min su cikin ordinater ɗinki, ki rubuta ma kowa nashi suna."

Na ce, "Kai da kac ce suna na takarda na?"

"Yanzu takardar ni ka so. Amma ki bi su sannu, yadda su ke."

Wannan "yadda su ke" na ji shi da kunnena, sai na ɗauke shi surutun tsufa. Kati ɗari biyu da saba'in na ƙirga. Da ordinater ɗin, wato na'urar kwamfuta, ta gama lissafi ta ce hoto dubu sittin da ɗaya ne da ɗoriya.

Da farko tare muka fara, da hantsi kafin masu fotokofi su yi yawa. Shi yake miƙo kwali da hannunsa, in buɗe, ya kusa manna hancinsa da gilashi. Abin da ya ba ni mamaki, kafin ma hoto ya gama fitowa ya san ko wane ne. Abin da ya ba ni haushi kuma, ba ya faɗar suna ya yi shiru. "Wanga ɗan Ma'u na mai hura, wadda mijinta yat tahi Lokoja da jirgin ruwa bai komo ba, kin tuna ƙanenta mai ɗingishi?" Ban tuna ba, kuma ba na son in tuna. Sai mu yi minti goma a kan mutum ɗaya, a ƙarshe in ce to mene ne sunansa, ya ce, "Rubuta ɗan Ma'u." Rannan muka wuni muka yi hoto arba'in da biyu. Na ɗauki alƙalami na raba dubu sittin da ɗaya da arba'in da biyu, na ga shekara huɗu ne ba Juma'a ba Sallah, ga mutum idonsa na tafiya.

Na ce bari in nemi taimakon na'ura, ta jera mini su bisa kwanan wata. Na danna. Hoto dubu sittin da ɗaya, duk ɗaya ga Janairu, dubu biyu da huɗu. Jaririn da aka yi wa suna da ranar da ya yi saukar karatu, duk rana ɗaya ne a wurin na'ura. Na juya na dube shi.

"Batir ɗin da ka ka zarewa," na ce. "Ka ga abin da kay yi muna?"

"Ai batir ɗin ya daɗe," ya ce, ko a jikinsa.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce ya koma gida ya huta, zan tsara komai in kira shi. Ya tafi yana waiwayen akwatin.

Yana fita na juye kwalayen ashanar nan gaba ɗaya a cikin babbar tasa, na zazzage katunan, kwalayen na ba mai ƙosai ta hura wuta. Na buɗe dosiye-dosiye a na'ura: biki daban, suna daban, 'yan lakkol, wato 'yan makaranta, daban, katin shaida na maza, katin shaida na mata, har da dosiyen hotunan da suka lalace. Kowane kati lambobinsa daga ɗaya suke farawa, na'ura ta yi ta yi mini gardama wai suna ya zo ɗaya, sai na ba kowane hoto sabuwar lamba. In na gama kwashe kati sai in wanke shi tas, in goge duk hotunan da ke ciki, in jefa a leda, da nufin in mayar masa ya ga yadda masu hankali suke yi. Wata huɗu na yi a kan wannan, bayana ya ƙage, idona ya yi ja. Amma da na gama, wallahi na ji daɗi. In ka ce biki, danna ɗaya ga biki. Har abokan ciniki nake nuna wa.

Ranar wata Litinin, ina shirin aika masa ya zo ya ga aiki, sai ga shi da kansa, wata mata tana biye da shi. Ba za ta wuce arba'in ba, siririya, hannunta duk kanta irin ta masu aikin shinkafa. Ya ce sunanta Na'inna, daga Madécali take, shagonsa ta je ta tarar a rufe aka kai ta gida.

Ta gaishe ni har ƙasa, sannan ta fara bayani idonta a kan tabarma. Shekara goma sha tara da suka wuce ta auri wani mutumin Kamba da ya zo gyaran injin ban-ruwa ya zauna. Wata takwas da auren kwalekwale ya kife da su a kan hanyar Gaya. An samu gawarsa, katin shaidarsa yana aljihu ruwa ya cinye hoton. Tana da ciki lokacin. 'Yar da ta haifa, Kamila, yanzu ta ci jarrabawa za ta tafi karatun aikin jinya a Parakou ranar Asabar.

"Tun tana ƙarama ta ka tambayata kamannun babanta," ta ce. "In ce dogo na, in ce baƙi na. Shekaranjiya tac ce, Inna, kowa a lakkol na da hoton ubanshi. Ba ta ƙara komi ba. Ni kuma sai nit tuna ya taɓa ce min nan wurin Malam yay yi hoton kartidante."

Na tambayi sunansa. Sai ta kwance gefen zanenta ta miƙo mini takardar haihuwar yarinyar, ta ɗora yatsa a kan layin uba. Issufu. Mace irinta ba ta kama sunan mijinta, ko da ƙasa ta rufe shi.

Na-Allah kuwa har ya fara murmushi. Ya kafa sandarsa ya rufe ido.

"Mai injin ruwa, na Kamba. Na tuna. Shekara ta biyu da sabuwar kyamara, bayan ruwa ya ci gonakin gabas. Kashegarin sunan jikan Alhaji Sirajuddeen na. Tagwayen Toumboutou sunka zo da sahe, shi ab bayansu, bayanshi wata Bahillata mai ƙwaryar nono. Ya yi ta dariyar bes, yac ce bai taɓa sa rigar gwamna ba. Bilki, buɗe akwati. Layi na biyu, kwali na bakwai daga hagu. Ki wuce suna, ki wuce tagwaye, na gaba shi na."

Ya juya wajen Na'inna ya ce, "Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Kahin ki sha ruwa kin gan shi."

Ni dai na dubi akwatin da ba kwali ko ɗaya a ciki. Sai a lokacin na gane abin da yake yi a kwanakin da muka yi tare. Ba gani yake ba, ko kuma ganin kaɗan ne. Jerin yake bi. Wane ya zo bayan wane, wane kwali ke bin wane, shi ne littafinsa, shekara goma sha tara yana karanta shi a ka. Ni kuma na ba mai ƙosai ta hura wuta.

Na jawo ledar katunan na sa masa a hannu. Ya lalube ta, ya ji suna ƙara a ciki.

"Mine ne wanga?"

"Katunanka na. Na kwashe hotunan dut suna cikin ordinater, ko ɗaya bai ɓace ba. Na raba su kashi-kashi."

"Kwalayen hwa?"

Na faɗa masa.

"To, sa katin mu gani. Ko wane na, in na ji na hwarko ina gane sauran."

"Na wanke su, Na-Allah."

Na yi zaton zai zage ni. Da ma ya zage ni, tsakaninmu ba wani abu ba ne, mun saba tun muna yara. Bai yi ba. Ya riƙe ledar a kan gwiwa ya ce a hankali, "Tagwayen suna ina yanzu?" Na ce suna dosiyen yara. "Bahillatar?" Tana dosiyen mata. "Shi kuma?" Na ce yana dosiyen katin shaida na maza, tare da mutum dubu huɗu da wani abu. Ya gyaɗa kai kawai. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Ban zauna kuka ba, don Asabar ba ta jira. Na tura katunan Kandi wurin wani mai gyaran na'ura, ya aiko cewa yadda na wanke su sai dai haƙuri. Sai na tuna shekara ukun farko da kyamarar mai kati ƙananan hotuna yake ɗauka da ita, daga baya ya koma manya. Na ware ƙananan, na cire tsofaffi da yara da masu tsaga a fuska, tunda Na'inna ta ce ba shi da ita. Aka bar ni da maza ɗari huɗu da goma sha biyu, ba hula, farin labule ɗaya, baƙar bes ɗaya, kowa ya ɗaure fuska don Na-Allah ya ce hukuma ba ta son dariya. Na yi ta tsine wa rigar nan a zuciyata. Da kowa da tasa rigar ya zo, ai da mata ta gane ɗinkin da ta taɓa wankewa.

Laraba ta dawo da sassafe, ta bar aikin gona. Na zaunar da ita gaban na'ura ina dannawa ɗaya bayan ɗaya. Na-Allah yana gefe, ba ya ganin komai sai baƙi a kan fari, amma ya ƙi tafiya. Ta ce ba shi ba, ba shi ba, ba shi ba. Wani lokaci ta ce in dakata, ta daɗe, sannan ta girgiza kai. Masu fotokofi suna ta zuwa ina korarsu. Kafin la'asar mun ware goma sha ɗaya. Alhamis muka mayar da su huɗu, sannan biyu.

A kan biyun nan muka tsaya cik. Dukansu dogaye, baƙaƙe, masu faɗin goshi. Ɗaya kunnuwansa sun ɗan fita, ɗaya yana da 'yar wushirya da ta leƙo don ya kasa rufe baki sosai. Na sa su gefe da gefe na ƙara musu girma har suka fara dushewa.

"Duba da kyau," na ce, kuma na san muryata ta yi tsauri. "Mijinki na hwa. Yaya za a ce ba ki gane mijinki?"

Ta ɗago ta dube ni, karo na farko tun da ta zo.

"Yaya, wata takwas munka yi. Kunya ba ta ida sakina ba. In ya shigo ƙasa ni ka dubi, in yana cin tuwo ina bayan ɗaki. Muryarshi na sani, da tahiyarshi, da ƙamshin man inji a hannunshi. Na ɗauka akwai lokaci."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Na-Allah ya yi gyaran murya ya ce in faɗa masa kamannin kowanne. Na faɗa. Ya ce mai dariyar bes zai iya zama mai wushirya, amma kuma ba zai rantse ba, don shi ba fuska yake riƙewa ba, hanya yake riƙewa. Na tura hotunan ta waya ga wani malamin lakkol a Madécali ya zagaya da su wurin dattawan da suka san marigayin. Uku suka ce mai kunnuwa, uku suka ce mai wushirya, na bakwai ya ce ai duk biyun ba shi ba ne, daga baya kuma ya ce shi ma idonsa ba daidai yake ba. Na kusa jefa wayar a kogi.

Juma'a da hantsi ta dawo. Na ɗauka ta kwana ta tuna wani abu. Ta zauna ta sake dubansu, ta kai yatsa kusa da gilashin ba ta taɓa ba, daga wannan zuwa wancan.

"Yaya, wanko min dut biyun."

Na-Allah ya ce, "Mi za ki ce ma yarinya?"

"Gaskiya. In ce mata ɗaya daga ciki babanki na, ban san wane ba. Ta riƙe su, ta yi musu addu'a su biyu. Ɗayan ma ai ɗan wani na."

Na wanke su a takarda mafi kyau da nake da ita, na sa a leda mai kauri don ruwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi wa Na-Allah godiya, ta yi mini godiya, ni da na jawo mata wannan. Ta naɗe su tare da takardar haihuwar a gefen zanenta, ta fita neman kabu-kabun Madécali.

Na koma kan na'ura. Lamba dubu ɗaya da ɗari da sha takwas, da lamba dubu biyu da ɗari tara da arba'in. Duk biyun na rubuta musu Issufu.